Maigidana ya gayyace ni gidan gashin nama a ƙauyen Karolina: in je ko in ba da uzuri?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka riga mu zama a jihohin kudancin ƙasar Amurka. Ina aiki da wani kamfanin gwajin iri a gabashin Karolina ta Arewa, yankin Greenville. Mun gama girbin bana, sai maigidanmu ya ce ranar Asabar zai kai mu gaba ɗaya wani gidan gashin nama a ƙauyensu, inda kakansa ke kai shi tun yana yaro. In yana ba da labarin wurin ka san abin ya kai masa zuci. Na tambayi wani abokin aiki me ake sayarwa a can, ya ce alade ne ake gasawa ɗungurungum. Mutumin nan ya riƙe ni da amana tun zuwana, shi ya tsaya mini har na samu gidan haya. Ba na son in watsa masa ƙasa a ido, ba na kuma son in sa haram a cikina. In je ko in ba da uzuri? In na je, me zan iya ci?

Abu Huzaifa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wannan ai ba ya buƙatar dogon tunani. Wurin da aka gina don alade, hayaƙinsa na alade, teburinsa na alade, me zai kai Musulmi? Ka ba shi haƙuri kawai. In ka ga zai ji ba daɗi, ka ce wani uzuri ya taso maka.

Ɗan Maraɗi a Greensboro:
Ƙanena, abokin aikinka gaskiya ya gaya maka. A gabashin jihar nan gashi na alade ne, babu na biyu. Tsaga shi ake yi a shimfiɗa a kan ramin bulo, a ƙona itacen oak ko hikori a gefe har ya zama garwashi, a riƙa ɗiba da shebur ana zubawa a ƙarƙashi tun dare har wayewar gari. Da safe a sassara naman da adduna biyu a kan katako, a yayyafa ruwan khal da barkono da gishiri. Kusa da kai akwai garin Ayden, can Skylight Inn yake, wanda Pete Jones ya buɗe a 1947. Su har fatar da ta soyu suke sarawa su cuɗa da naman. Mu nan ta wajen Lexington kafaɗa kawai ake gasawa, kuma ana ɗan sa tumatir a cikin ruwan khal ɗin. Mutanen gabas da na nan sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan tumatir, amma ga ni da kai duk ɗaya ne, ba namu ba ne.

Sai dai ni ban ce kar ka je ba. Mutumin ƙauyen Kudu in ya kai ka gidan gashin garinsu, gidansu ya kai ka. Nan ake haɗuwa bayan jana'iza, nan 'yan siyasa ke zuwa neman ƙuri'a, nan coci ke sayen abincin taro. Ka gaya masa tun yau cewa ba ka cin alade saboda addini, kar ka bari sai an zauna an kawo faranti.

Maman Sadiq:
Ɗana, naman ba shi ne abin tsoro ba, domin shi kana ganinsa da idonka. Abin da ke kama mutanenmu shi ne kayan gefe. Ni a Jojiya nake aikin jinya, kuma yawancin abokan aikina 'yan ƙauyukan nan ne, na shiga kicin ɗinsu na ga yadda ake girki. Ganyen kolad da za ka gani kore shar a kwano, da ƙashin ƙafar alade mai hayaƙi ake dafa shi. Waken gwangwani mai zaƙi, akwai naman alade a ciki. Koren wake ma haka. Burodin masara, tsofaffin gidaje da kitsen alade suke kwaɓa shi ko su shafe tiren da shi. Akwai wata miya mai kauri da masara da tumatir da suke kira Brunswick, wani gidan kaza ce a ciki, wani gidan ragowar naman jiya ake zubawa. Hatta ɓawon kek ɗin da ake cikawa da dankalin Hausa ko gyaɗar pikan, wasu da kitsen suke murza shi.

Kuma ka lura, in ka ce wa yarinyar da ke kawo abinci "akwai nama a ganyen nan?" za ta iya ce maka babu, ba don ta yaudare ka ba. A wajenta ƙashin da aka jefa a tukunya kayan ɗanɗano ne, ba nama ba. Sai ka tambaya dalla-dalla: da me aka dafa, da wane mai aka soya, me kuma ake soyawa a cikin man.

Abin da yawanci ba ya da matsala: kwaɗon kabeji, yankakken burodi fari, kokwamba mai tsami, albasa, kayan zaƙi na ayaba da biskit, da shayinsu mai ƙanƙara. Shayin nan fa sukari ne zalla, in kana da ciwon suga ka ce a ba ka marar zaƙi. Gidaje da yawa suna soya tarwaɗa da kuɓewa da wani ƙullin masara dunƙule-dunƙule kamar ƙosai. In man na gyaɗa ne ko na waken suya, kuma ba a soya fatar alade a cikinsa, to ka samu abincin rana.

Ɗan Funtuwa:
Allah ya saka da alheri Mama. Wallahi ganyen da waken su na yi niyyar cika faranti da su.

Baban Ilham:
Ni direban tirela ne, hanyata daga Teksas zuwa gaɓar gabas, don haka bari in faɗi abin da na gani. Kudun nan ba ɗaya ba ce. Kowace jiha da dabbarta.

Tsakiyar Teksas naman sa ne sarki, musamman ƙirji. Asalin abin daga mahautan Jamusawa da 'yan Cek ne da suka zauna a yankin. Naman da bai sayu ba sai su yi masa hayaƙi don kar ya lalace, masu tsinkar auduga su saya su ci a kan takardar da aka naɗe shi. Har gobe haka ake yi a Lockhart: Kreuz Market tun 1900, Black's tun 1932. Za ka shiga layi har gaban ramin, zafin wuta na dukan ƙafarka, bango ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Mai yanka ya tambaye ka nawa kake so, da kuma ɓangaren mai kitse ko marar kitse. Da laba ake awo, laba ɗaya giram 454. Ya yanka, ya ɗora a sikeli, ya zube maka a takarda da burodi da albasa. Gishiri da masoro kawai aka shafa masa, sauran aikin na itace ne da haƙuri, awa 12 ko fiye. Ka ɗaga yanka ɗaya, bayansa baƙi, ƙarƙashin baƙin wani jan layi siriri, tsakiyarsa na rawa don laushi. Wannan jan ba jini ba ne, hayaƙin ne ke riƙe launin naman, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Akwai wani a ƙauyen Lexington na Teksas, ba na Karolina ba, sunansa Snow's. Asabar kaɗai yake buɗewa, da ƙarfe 8 na safe, in nama ya ƙare a rufe. Mai gashin wata tsohuwa ce, Tootsie Tomanetz, haihuwar 1935, ta daɗe tana aikin kula da makaranta a ranakun mako, daren Asabar kuma ta tashi tsakar dare ta hau shebur. Mujallar Texas Monthly ta ce shi ne na ɗaya a jihar a 2008, tun daga nan mutane ke kwana a layi.

In kuma rago kake so, sai Owensboro a Kentaki, bakin kogin Ohayo. Tsohuwar tunkiya suke gasawa da hikori, suna shafa mata wani baƙin romo mai tsami. Arewacin Alabama kuma kaza, ana tsoma ta a farin romo na mayonis da ruwan khal, wanda aka san gidan Big Bob Gibson na Decatur da shi, gidan da ya faro a 1925.

Saboda haka ni a Teksas ina cin ƙirjin sa. Yankan Ahlul Kitabi ne, na yi bismilla.

Abu Huzaifa:
Alhaji, da girmanka, ina da tambaya. A ramin da aka gasa ƙirjin nan, babu haƙarƙarin alade a kai? Wuƙar da aka yanka maka, ba ita aka yanka wa na gabanka sosej da ita ba?

Baban Ilham:
Tambayarka a kan hanya take, ba zan ɓoye ba. Akwai. Kusan duk gidan da na sani a Teksas yana gasa haƙarƙarin alade, Snow's ɗin ma an san su da gashin kafaɗarsa. Sosej kuwa ko an ce maka na sa ne, sau da yawa hanjin da aka ɗura shi a ciki na alade ne, ni ba na taɓa shi sam. Abin da nake yi, ina zuwa da wuri kafin layi ya yi tsawo, in roƙi mai yanka ya sauya safar hannu, ya wanke wuƙa, ya shimfiɗa sabuwar takarda a kan katakon, ya ɗauko ƙirjin da ba a fara ba. In na ga ramin hawa biyu ne, alade a sama yana ɗiga a kan na ƙasa, ko na ga da tsumma ɗaya ake shafe su duka, sai in sayi lemo in yi gaba.

Malam Na Bakin Masallaci:
Bismillah. Allah ya yi muku albarka, kowa neman kuɓuta yake. Ina ganin mas'aloli uku ne kuka cakuɗa, gara a raba su.

Naman alade da kitsensa da romonsa, wannan babu saɓani, aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta yanke magana. Abin da Hajiya ta lissafa na ganye da wake ya shiga ciki, ba a cewa a tsame ƙashin a ci sauran.

Naman sa ko rago ko kaza da ba Musulmi ya yanka ba, nan malamai suka rabu, kuma rabuwa ce ta gaskiya. Masu halattawa sun riƙe aya ta 5 a surar, wadda ta halatta mana abincin waɗanda aka bai wa Littafi, da hadisin Nana A'isha a Bukhari, inda aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da naman da ba a san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba, ya ce su ambata su ci. Masu hanawa sun riƙe aya ta 121 a Suratul An'am, suka ƙara da yadda mayankar zamani take a ƙasar nan: dokar tarayya ta 1958 ta wajabta a sumar da sa kafin a zubar da jininsa, ana harba masa ƙarfe a goshi. In ya mutu da bugun kafin wuƙa, ya zama abin da aya ta 3 ta hana. In da sauran rai, yankan ya ci. Kai da ke gaban faranti ba ka da hanyar sani, kuma ba ka san addinin wanda ya riƙe wuƙar ba. Ni a karan kaina ba na ci, tunda yanzu naman halal ya wadata a biranen nan. Amma ba zan ce Alhaji ya ci haram ba, yana da magabata a kan fahimtarsa.

Kayan aiki kuma, Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Annabi (SAW) game da tukwanen Ahlul Kitabi, a ruwayar Abu Dawud har ya ce suna dafa alade a ciki. Aka ce masa in ya sami wasu ya yi amfani da su, in bai samu ba ya wanke ya ci. Ka ga wanke wuƙa da Alhaji ke nema yana da asali.

Sai abu ɗaya da zan gyara wa ɗana Abu Huzaifa. Kar ka koya masa ƙirƙirar uzuri. Ƙarya haramun ce ba tare da saɓani ba, zama kusa da mai cin abin da addininsa bai hana shi ba kuwa ba haramun ba ne, matuƙar babu giya a teburin. Ya faɗi gaskiya, ya je, ya ci abin da ya tabbatar.

Abu Huzaifa:
Na karɓi gyara a kan uzurin, Allah ya gafarta Malam. Amma zuciyata ba ta kwanta da zuwan ba. Yau ka je ka ci kabeji, gobe ka ce kazar ai ba komai, jibi ka daina tambaya. Na ga yaranmu da aka haifa a nan, da haka abin ke farawa.

Maman Sadiq:
Tsoronka gaskiya ne Abu Huzaifa, ni uwa ce, na san shi. Amma yaran da na ga sun zame, yawanci waɗanda ba a taɓa koya musu yadda ake tambaya ba ne. An ce musu kar su je ko'ina, ranar da suka tafi jami'a suka je ba tare da sun san abin da ke cikin tukunya ba. Nawa tun suna firamare nake sa su buɗe baki su ce wa mai abinci "ba ma cin alade, da me aka dafa wannan?" Yanzu ko ba na nan suna yi, ba sa jin kunya.

Ɗan Zongo:
Ni tambayata daban ce. Daga Kumasi na zo, New York nake zaune, ban taɓa sauka Kudu ba. Baƙin mutum, Musulmi, mai gemu, ya shiga irin wannan wuri a ƙauye, lafiya kuwa? Abin da muke ji ba daɗi.

'Yar Zazzau:
Yaya, tambayarka tana da tushe, kuma tarihin gidajen gashin nan ya ratsa ta tsakiyarta. Tun zamanin bauta, in za a yi babban taro a Kudu, bayi ne ke haƙa ramin, su sare itacen, su kwana suna juya naman, wasu su zauna su ci. Gwanintar a hannun baƙar fata ta taso ta girma. Kuɓewar da Mama ta ambata da farin wake mai baƙin ido da suke ci ranar sabuwar shekara, daga nahiyarmu aka kai su.

Bayan an 'yanta bayi, gidaje da yawa baƙi ne a wajen wuta amma ba su da izinin zama a teburi. Daga cikin shari'un da suka kai Kotun Ƙoli a kan wariya a wurin cin abinci, akwai biyu da na gidajen gashi ne. Ta farko ta Ollie's Barbecue ce a Birmingham ta Alabama: kujeru 220 na farare kaɗai, baƙi sai dai su saya su tafi da shi, alhali kashi biyu cikin uku na ma'aikatan baƙi ne. Mai gidan ya ce dokar 'yancin jama'a ta 1964 ba ta hau kansa ba tunda shi a unguwa yake ciniki. A Disambar shekarar kotu ta ce ta hau, domin kusan rabin kayan abincin da yake saye nama ne da aka shigo da shi daga wasu jihohi. Ta biyu ta Piggie Park ce a Karolina ta Kudu, ta Maurice Bessinger, wanda har ya kafa hujja da addininsa. A 1968 kotu ta ce hujjar ba ta da makama, kuma shi zai biya kuɗin lauyoyin waɗanda suka kai ƙara.

Abin da ke faranta mini rai shi ne yanzu an fara kiran masu aikin da sunansu. Rodney Scott ya tashi a shagon iyayensa a ƙauyen Hemingway na Karolina ta Kudu, a 2018 ya ci kyautar James Beard ta gwanin girki na kudu maso gabas. Jones Bar-B-Q Diner a Marianna ta Akansas, ɗan ƙaramin wuri mai tebur biyu, ana lissafa shi cikin gidajen abinci mafiya daɗewa a hannun baƙar fata, shi ma an karrama shi a 2012. Ba abincinmu suke sayarwa ba, amma in na ga hoton dattijon da ke gashi a Jones ɗin a gaban raminsa sai in ji ƙwalla, don na san daga inda aka taso.

Baban Ilham:
Ɗan Zongo, a aikace, abin da na fi gamuwa da shi kallo ne na minti ɗaya, sai tambayar daga ina kake. Yawancinsu mutanen coci ne, da yawa ba sa sayar da giya, Lahadi a rufe suke. Mutum mai cewa addinina ya hana ni, suna gane wannan yaren fiye da mutanen birni. Ba zan ce babu ɓata-gari ba. Akwai inda na tsaya na ga tutar 'yan awaren Kudu na zamanin bauta a bango, na ga yadda aka yi tsit da na shiga, ban zauna ba. Ka yarda da abin da jikinka ya gaya maka, kuma in dare ya yi kar ka tsaya inda ba ka sani ba.

Ɗan Funtuwa, ƙarin bayani: ka riƙe tsabar kuɗi, wasu ba sa karɓar kati. In mace ce ke kawo muku abinci a tebur, a bar mata tukwici kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, domin doka ta yarda a biya irinsu dala 2.13 a awa, da tukwicin suke rayuwa. Ko maigidanka ne ya biya, ka ajiye wani abu.

Ɗan Funtuwa:
Jama'a na dawo, Alhamdu lillahi. Tun ranar Alhamis na sami maigidan na gaya masa. Ya yi shiru, ya ce me ya sa ban faɗa tuntuni ba, nan take ya buga wa matar da ke riƙe da wurin waya, ashe tare suka yi makaranta.

Wurin ginin bulo ne a bakin titi tsakanin gonakin taba da waken suya, an jibge itace a baya ya fi tsayina. Muna shiga dattijuwar ta kama hannun rigata ta kai ni kicin, ta ɗauko jarkar man ta nuna mini rubutun jiki, na gyaɗa ne, ta nuna mini kaskon da kifi kaɗai ake soyawa a ciki. Da bakinta ta ce kar in taɓa ganye da wake da burodin masara. Na ci tarwaɗa biyu da aka birkiɗa a garin masara, da kwaɗon kabeji, da soyayyar kuɓewa, na sha shayin nan har kofi ya ƙare aka ƙara.

Bayan an ci, maigidan ya kai ni ɗakin wuta. A bakin ƙofa na tsaya. Wani dattijo baƙi ne a ciki, hularsa ta rine da hayaƙi, yana ɗibar garwashi da shebur mai dogon ƙota yana watsawa a kusurwoyin ramin. Babu ma'aunin zafi ko ɗaya a ɗakin. Tafin hannunsa yake ɗorawa a kan kwanon rufin da aka rufe ramin da shi, ya ɗan jira, sannan ya san inda ke son ƙari. Ya ce mahaifinsa ne ya koya masa, kuma 'ya'yansa duk sun tafi birni. Da ya ji daga Najeriya nake, ya tambaye ni yadda muke gasa rago, muka daɗe a tsaye ina ba shi labarin layya. Tsakani da Allah warin wurin ya dame ni, na kuma wanke kayana da na koma gida. Amma ban yi nadamar zuwa ba.

Abu Huzaifa:
Alhamdu lillahi da Allah ya tsare ka. Ni dai har yanzu ba zan shiga ba, amma matar nan ta yi halin kirki, Allah ya shirye ta.

Ɗan Fawa:
Ni daga Kano nake bibiyar ku, sana'ata ke nan gado da gado, tsire da balangu da kilishi. Alhaji Baban Ilham, maganar ƙirjin nan ta tsaya mini a rai. Mu ƙirji sai dai a dafa, in ka ɗora shi a tukuba tauri yake kamar igiya. Yaya ake yi ya yi awa 12 a wuta bai ƙone ba, bai bushe ba? Ina son in gwada da babbar Sallah.

Baban Ilham:
Sarkin fawa, ai kai ne malami a nan, abu ɗaya kawai za ka sauya: naman ba ya ganin wuta. Ka sami durom biyu, babba da ƙarami, mai walda ya haɗa su gefe da gefe, ƙaramin ya ɗan yi ƙasa. A ƙaramin ake hura wuta, naman yana cikin babban, a ɗaya ƙarshen a sa bututun hayaƙi. Zafi da hayaƙi ne ke ratsawa su wuce. Durom ɗin ya zama na kayan abinci, ba wanda aka zuba fetur ko maganin ƙwari ba, kuma ka ƙone shi sosai kafin ka fara. Zafin ciki ya tsaya tsakanin digiri 110 da 135 a ma'aunin Salsiyos. Jijiyar da ke sa ƙirji tauri, in ta daɗe a irin wannan zafin narkewa take, ita ce ke komawa laushin.

Kar ka cire kitsen duka, ka bar kaurin ɗan yatsa a sama. Gishiri da masoro daka mai gautsi, yajin ƙuli ka ajiye shi sai wajen ci, don zai ƙone ya yi ɗaci. Hayaƙin ya zama siriri mai ɗan shuɗi. In ya yi fari ya turnuƙe, wutar na neman iska. Wajen tsakiyar aikin za ka ga kamar naman ya tsaya, ba ya gaba. Ruwan jikinsa ne ke fita yana sanyaya shi, kar ka ƙara wuta. In bayansa ya yi baƙi ya kama, ka naɗe shi a takarda mai kauri marar rubutu ka mayar. Ya nuna in tsinken tsire ya shige ba tare da turjiya ba, a ma'auni wajen digiri 93 zuwa 95 a tsakiyarsa. Ka sauke, ka bar shi a naɗe ya huta awa ɗaya ko biyu, sannan ka yanka a gicciye, ba bin tsawon zaren naman ba.

Ɗan Maraɗi a Greensboro:
In ƙara masa biyu. Itace, ka nemi ƙirya busasshiya, wadda maƙera ke son gawayinta. Dangi ce ga meskit da mutanen kudancin Teksas ke gashi da shi, garwashinta na daɗewa, sai dai hayaƙinta da ƙarfi, ka bari ta ci ta zama garwashi kafin ka riƙa ƙara ƙanana. Na biyu, shanunmu na kiwo ba su da kitsen na nan da ake ɗurawa masara, ƙirjinsu zai fi saurin bushewa. Ka fara gwadawa da tozo, ko ƙirjin san da aka yi wa kiwon turke.

Ɗan Fawa:
Tozo kam akwai shi, ƙirya ma ina da mai kawo mini daga ƙauye. Gobe zan je wajen mai walda da durom ɗin. Alhaji, bututun hayaƙin nan, tsawonsa kamu nawa, kuma daga sama ake fasa masa ko daga daidai inda ragar take?

Baban Ilham:
Daga daidai ragar, don hayaƙin ya bi ta kan naman kafin ya fita. Tsawo kamu biyu ya isa, faɗinsa kamar gwangwanin madara babba. Ka sa masa marfi mai juyawa a sama. In mai waldar ya gama ka turo hoto kafin ka hura wuta, in duba tsakanin ƙaramin durom ɗin da babban.